Muhammad bin Muhammad al-Kashinawi

Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda wasu ke rubuta sunansa al-Kishnawi ko al-Katsinawi, malami ne Bafulatani daga ƙasar Katsina da ya yi zamani a farkon ƙarni na 18. Ya rasu a birnin Alkahira na ƙasar Masar a shekarar 1154 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1741 Miladiyya. Ya yi fice a hisabi da ilimin taurari da ilimin haruffa, ya kuma yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi. A yau an fi saninsa da littafinsa Bahjat al-Afaq, wanda a ciki ya yi bayanin hanyoyin gina hatimin lambobi, wato zane mai gidaje da ake zuba wa lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla iri ɗaya. Yana cikin malaman ƙasar Hausa ƙalilan na kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da masu tarihin ƙasashen Larabawa suka rubuta rayuwarsu da ɗan tsawo.

Sunansa

Cikakken sunansa a littattafan Larabci yana ɗauke da nasabobi da dama, kowace da abin da take nunawa. Al-Fulani tana nuna ƙabilarsa. Al-Kashinawi tana nuna ƙasarsa, Katsina. Al-Danrankawi tana danganta shi da Ɗanranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina. Al-Sudani kuwa suna ne da Larabawa ke ba duk wanda ya fito daga Biladis Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, ba ƙasar Sudan ta yau kaɗai ba.

Bambancin da ake gani wajen rubuta sunan da boko ya samo asali ne daga rubutun Larabci. Larabci ba shi da sautin ts, saboda haka marubuta suka riƙa rubuta Katsina da harafin shinun. A karin harshen Katsina da Sakkwato ma, ts da ya zo kafin wasalin i yakan fita kusa da c. Sannan littattafan Larabci ba kasafai suke sa wasali ba, don haka mai karatu yana iya karanta baƙaƙen a matsayin Kashinawi ko Kashnawi ko Kishnawi. Siffar al-Kishwani da ta bazu a shafukan intanet kuskure ce da ta faru sakamakon musayar gurbin baƙaƙe biyu.

Katsina a zamaninsa

Al-Kashinawi ya taso ne a lokacin da Katsina ke cikin manyan biranen ciniki da ilimi a ƙasar Hausa. Bayan da rundunar Maroko ta rusa daular Songhai a 1591, wani ɓangare na cinikin Sahara ya karkata gabas, ayarin raƙuma suka riƙa bi ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus. Katsina ta amfana da wannan sauyi. Fatake suna shigo da kaya, tare da su kuma takarda da littattafai da malamai ke shigowa.

Garin yana da tsohon tarihin karatu tun kafin wannan lokaci. Shehu Muhammad al-Magili ya zo Katsina da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, kuma hasumiyar Gobarau tana tsaye har yau a matsayin shaidar tsohon masallaci da makarantar garin. A ƙarni na 17 an yi Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667. Don haka ɗalibin da ya taso a ƙasar Katsina a ƙarshen wannan ƙarni ya tarar da zaurukan karatu da suka kafu, ga kuma hanyoyin da suka haɗa su da Barno da Bagarmi da Agadas.

Karatu da malamansa

Mafi yawan abin da aka sani game da karatunsa ya zo ne daga masanin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1825, a cikin littafinsa Aja'ib al-Athar. Ya ambaci malamai huɗu da al-Kashinawi ya yi karatu a wurinsu kafin ya bar ƙasashen Sudan: Muhammad al-Wali, da Muhammad Bindu, da Shehu Hashim, da Muhammad Fudu.

A wurin Muhammad Fudu ya karanci harshen Larabci da adabi, ya zauna tare da shi tsawon shekara huɗu har ya ƙware a nahawu da sarafu. A wurin Muhammad Bindu kuma ya koyi ilimin haruffa da hatimi da hisabi da ilimin sanin lokuta, bisa tsarin malaman Magrib. Ilimin sanin lokuta yana da amfani na yau da kullum: da shi ake gane lokutan salla, da shigar watanni, da alƙibla, da taurarin damina da na rani.

Muhammad al-Wali malami ne Bafulatani da ya zauna a ƙasar Bagarmi, a cikin Chadi ta yau, a ƙarshen ƙarni na 17. An san shi da littafin tauhidi al-Manhaj al-Farid, wanda sharhi ne a kan aƙidar Shehu Sanusi, da kuma rubutunsa na hana shan taba. Al-Kashinawi ya riƙe shi da daraja har ya rubuta tarihin rayuwarsa.

Wannan jeri na malamai yana nuna yadda karatu yake a wancan zamani. Ɗalibi ba ya zama wuri guda. Yakan sauke littafi a wurin wannan malami, ya ɗauki buzunsa da gafakarsa ya nufi wani garin inda aka ce akwai gwanin wani fanni.

Aikin Hajji da zaman Makka

Daga nan ya kama hanyar gabas da niyyar aikin Hajji. Tafiya ce ta shekaru a wancan lokaci, ana yada zango a garuruwa, ana karatu ana koyarwa. Al-Jabarti ya ce ya ratsa masarautu da dama, ya sadu da sarakuna da malamai, kuma a wani zango ya zauna wata biyar wurin wani malami yana koyon ilimin ramli, wanda Hausawa ke kira bugun ƙasa. Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 bayan Hijira, wato 1730, sannan ya zauna a Makka na wani lokaci.

A Makka ne ya fara rubuta babban littafinsa al-Durr al-Manzum. Tushen littafin shi ne al-Sirr al-Maktum, wani aiki a kan taurari da ɗalasimai da ake danganta wa Fakhruddin al-Razi, malamin tafsiri da ya rasu a 1210. Al-Kashinawi ya taƙaita shi, ya sake tsara shi, ya ƙara abin da ya samu daga wasu littattafai da kuma daga malamansa.

Zama a Alkahira

Daga Hijaz ya wuce Masar, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Usmaniyya tun 1517. Alkahira ba baƙon wuri ba ne ga mutanen yankin tafkin Chadi. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta da masauki a birnin domin alhazansu da ɗalibansu, kuma masallacin Azhar yana da sassan kwana da aka keɓe wa ɗalibai bisa ga ƙasashensu, har da na mutanen Barno.

A can ya ƙulla abota da Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin da aka ambata. Hasan malamin fiƙihu ne na mazhabar Hanafiyya, kuma yana cikin manyan masana falaki da lissafi na Masar a ƙarni na 18. Kakanninsa sun fito ne daga Jabart a yankin Habasha da Somaliya. Gidansa matattara ce ta malamai da ɗalibai, yana da littattafai da kayan auna taurari. Hasan ya karanci ilimin hatimi a wurin al-Kashinawi, kuma ya saukar da shi a gidansa. Wannan yana nuna matsayin da karatun ƙasar Katsina da Barno ya kai: mutumin da ya yi dukkan karatunsa na tushe a yammacin Afirka ya zama malami ga ɗaya daga cikin fitattun masana lissafi na Alkahira.

Littattafansa

Bahjat al-Afaq wa Idah al-Labs wa al-Ighlaq fi Ilm al-Huruf wa al-Awfaq: littafi ne a kan ilimin haruffa da hatimi, an kammala shi a 1145 bayan Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1732 da 1733. Ya kasa shi zuwa gabatarwa mai babi uku, da gundarin littafi mai babi biyar, da rufewa.

Al-Durr al-Manzum wa Khulasat al-Sirr al-Maktum: ya fara shi a Makka, ya kammala a Alkahira a watan Rajab na 1146 bayan Hijira. Yana da gabatarwa da sassa biyar da rufewa. Daga baya an buga shi a Alkahira, kuma shi ne littafinsa da ya fi yaɗuwa a hannun masu karatun Larabci.

Bulugh al-Arab min Kalam al-Arab: a kan nahawun Larabci.

Minah al-Quddus: waƙa ce da ta tattara ƙa'idojin manɗiƙi, wadda shi da kansa ya yi wa sharhi mai suna Izalat al-Ubus.

Bughyat al-Mawali: tarihin malaminsa Muhammad al-Wali.

Lissafin hatimi

Kalmar hatimi ta fito ne daga kalmar Larabci khatim, wato abin buga tambari. Malaman Larabawa kuma suna kiran zanen lambobin da wafq, jam'insa awfaq, ma'ana dacewa, domin layukansa sun dace da juna. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku a kowane gefe, wanda malamai ke kira musallasi:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Kowane layin kwance, da kowane layin tsaye, da layuka biyu da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, duk jimlarsu 15. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka haɗa 1 zuwa 9 ana samun 45, idan aka raba wa layuka uku daidai wa daida kowanne zai sami 15. Ƙa'idar da ke aiki ga kowane girma ita ce: a ninka adadin gidajen gefe ɗaya da kansa, a ƙara ɗaya, a sake ninkawa da adadin gidajen gefen, sannan a raba biyu. Da wannan, mai gida biyar yana ba da 65, mai gida bakwai kuma 175.

Ba al-Kashinawi ne ya ƙirƙiro hatimi ba. Mutanen Sin sun san musallasi tun zamanin da. A duniyar Musulunci an same shi a rubuce-rubucen Ikhwan al-Safa na Basra a ƙarni na 10, kuma Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya rubuta littafi na lissafi zalla a kansa. Daga ƙarni na 13 littattafan da ake danganta wa Ahmad al-Buni suka haɗa shi da sunayen Allah da asiran haruffa, kuma ta wannan hanya ce ya fi shigowa yammacin Afirka. Gudummawar al-Kashinawi ita ce tattara hanyoyin ginawa daban-daban, musamman na hatimi mai adadin gidaje wutiri, kamar 3 da 5 da 7 da 9, da kuma shimfiɗa su mataki-mataki yadda ɗalibi zai iya bi. Ya kuma nuna yadda juya hatimi ko kifa shi ke fitar da wasu siffofi daga guda ɗaya. Musallasi, alal misali, yana da fuska takwas, huɗu daga juyawa, huɗu daga kifawa, amma dukkansu asalinsu ɗaya.

Hanyar tafiyar doki

Cikin hanyoyin da ya yi bayani akwai wadda ke bin tafiyar doki a wasan shaɗaranji, wanda ake kira ces: gida ɗaya ta wannan fuska, gida biyu ta waccan. Ga misalin yadda irin wannan hanya ke aiki a hatimi mai gida biyar, wato muhammasi. A sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga kowace lamba a sauka gida ɗaya, a matsa dama gida biyu, a rubuta ta gaba. Idan tafiyar ta fita daga zanen, sai a ɗauka gefen dama manne yake da na hagu, ƙasa kuma manne da sama, a shigo ta ɗaya gefen. Bayan kowace lamba biyar za a tarar gidan da za a shiga a cike yake. A nan sai a sauka gida biyu daga lambar ƙarshe, a ci gaba. Sakamakon shi ne:

1  10  14  18  22
19  23  2  6  15
7  11  20  24  3
25  4  8  12  16
13  17  21  5  9

Kowane layi yana ba da 65. Abin da ya sa haka shi ne, idan aka kasa lambobin gida biyar, wato 1 zuwa 5, da 6 zuwa 10, har zuwa 25, kowane layi yana ɗaukar lamba ɗaya tak daga kowane kaso, kuma ba a maimaita matsayi. A layin farko, 1 ita ce ta farko a kasonta, 22 ta biyu, 18 ta uku, 14 ta huɗu, 10 ta biyar.

Haruffa da lambobi

A tsarin abajada kowane harafin Larabci yana da lambarsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 1000. Shi ya sa ake iya rubuta hatimi da haruffa a madadin alƙaluma. Tsarin Magrib, wanda al-Kashinawi ya koya a gida, ya saɓa da na gabas a haruffa shida. A Magrib shinun ne 1000, a gabas kuwa gainun ne. A Magrib sinun 300 ne, a gabas 60. Malamin da ya tashi daga Katsina zuwa Alkahira dole ya riƙe tsarin biyu, in ba haka ba lissafinsa ya rikice.

Da wannan tsari ne mawaƙan Hausa da Fulfulde na ƙarni na 19 suke sa ramzi, wato kalmar da jimlar haruffanta ke ba da shekarar da aka yi waƙa. Shekarar rasuwar al-Kashinawi, 1154, a tsarin Magrib za ta fito da shinun da ƙaf da nun da dal, wato 1000 da 100 da 50 da 4.

A wurin al-Kashinawi lissafin hatimi da asirin haruffa ilimi ɗaya ne. Ya shawarci ɗalibi ya riƙe abin a ɓoye, kada ya watsa shi ga kowa, kuma kada ya karaya idan ya yi kuskure, ya sake gwadawa har ya ƙware.

Rasuwa

Al-Kashinawi ya rasu a gidan Hasan al-Jabarti a Alkahira a 1154 bayan Hijira. Kafin rasuwarsa ya naɗa Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, inda ake binne malamai da ɗaliban Azhar, ya gina kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kai. An haifi Abdurrahman al-Jabarti shekara goma sha biyu bayan haka, kuma a gidan da littattafan suka zauna ya girma.

Yadda masana suka dawo kansa

A 1962 A. D. H. Bivar da Mervyn Hiskett suka sanya shi cikin nazarinsu na rubuce-rubucen Larabci na Najeriya kafin 1804. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya wallafa nazari a Ibadan a kan bayaninsa na ramzi. Wadda ta fitar da sunansa ga masu karatu da yawa ita ce Claudia Zaslavsky, malamar lissafi 'yar Amurka, a littafinta Africa Counts na 1973, inda ta yi amfani da kwafin rubutun hannu da ke Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1994 Jacques Sesiano, masanin tarihin lissafi daga Suwizalan, ya duba hanyoyinsa ya ajiye su a gefen na magabatan Larabawa. A Najeriya kuwa, ana ajiye rubuce-rubucen hannu na malaman Arewa a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Arewa House, dukkansu a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Ibadan.

Hatimi a binciken zamani

Masu binciken yau ba daga littafin al-Kashinawi suka ɗauko hanyoyinsu ba. Amma abin da ya yi aiki a kai yana nan a cikin lissafin yiwuwa, wato fannin da ke auna damar faruwar abu, da kuma lissafin fiziks.

Tambaya ta farko ita ce ta ƙirga: hatimi nawa ake iya ginawa a kowane girma, idan ba a lissafa juyawa da kifawa ba? Mai gida uku ɗaya ne tak. Mai gida huɗu 880 ne, adadin da aka buga daga aikin Bafaranshe Frénicle de Bessy a 1693. Mai gida biyar 275,305,224 ne, kamar yadda Richard Schroeppel ya ƙirga da kwamfuta a 1973. Duk da yawan nan, samun hatimi bisa dace abu ne mai wuya. Akwai hanyoyi 362,880 na jera 1 zuwa 9 a gidaje tara, takwas ne kawai suke dacewa, wato ɗaya cikin 45,360. A mai gida huɗu damar ta koma ɗaya cikin kusan biliyan uku. Wannan ne ya sa ƙa'idar ginawa irin ta tafiyar doki take da daraja: tana kai mutum kai tsaye ga abin da lalube ba zai kai shi ba.

Mai gida shida ya daɗe yana gagarar ƙirga. A 1998 masana fiziks biyu a Jami'ar Munsta ta Jamus, Klaus Pinn da Christian Wieczerkowski, suka ɗauki matsalar kamar ta wani abu mai zafi da ke hucewa. Suka ba kowane jeri na lambobi wani ma'auni da suka kira kuzari, wanda ke ƙaruwa gwargwadon nisan jimlar layuka daga 111, jimlar da ake nema. Hatimi na gaskiya shi ne jerin da kuzarinsa sifili ne. Sai suka sa kwamfuta ta riƙa musanya lambobi bisa ƙuri'a a matakan zafi daban-daban, irin dabarar da ake kira Monte Kalo, wadda ake amfani da ita wajen nazarin maganaɗisu da daskarewar abubuwa. Daga yawan lokutan da tsarin ke faɗawa sifili suka kiyasta cewa adadin ya kai kusan biliyan 17.7 sau biliyan, lamba mai alƙaluma 20. A 2024 Hidetoshi Mino na ƙasar Japan ya sanar da sakamakon ƙirga ta kai tsaye da tarin kwamfutoci, kuma adadin ya faɗo cikin iyakar da wancan kiyasi ya nuna.

Alaƙa ta biyu tana fitowa ne idan aka raba kowace lamba ta hatimi da jimlar layi. Sai kowane layin kwance da na tsaye ya ba da ɗaya, kuma ana iya karanta lambobin a matsayin dama. A ɗauki mai Keke Napep da ke aiki tsakanin unguwanni uku na kudancin Kaduna: Kudenda da Kakuri da Nasarawa. A ce idan yana Kudenda, cikin fasinja 15, huɗu a cikin Kudenda za su sauka, tara Kakuri, biyu Nasarawa, kamar layin farko na musallasi, sauran layuka biyu kuma su zama na Kakuri da Nasarawa. Lissafi ya tabbatar da cewa bayan tafiye-tafiye masu yawa, kowace unguwa za ta sami kashi ɗaya cikin uku na saukarsa, ko daga ina ya fara. Irin wannan tsari shi ake kira sarƙar Markov, da sunan masanin Rasha Andrey Markov da ya fara nazarinsa a 1906. A 1946 Garrett Birkhoff na Amurka ya nuna cewa duk jadawalin da layukansa na kwance da na tsaye ke ba da ɗaya, gauraye ne na jadawalai masu sauƙi, waɗanda kowane layinsu ke da ɗaya guda, sauran gidajen kuma sifili.

Alaƙa ta uku ta biyo ta kan Leonhard Euler. A wani aiki da aka buga a 1782 a kan sabon nau'in hatimi, ya yi tambaya ko za a iya jera hafsoshi 36, daga runduna shida da muƙami shida, a layuka shida-shida, ba tare da an maimaita runduna ko muƙami a layi ɗaya ba. Wannan shi ne tsarin kaso da matsayi da ya sa muhammasin da ke sama ya dace. A 1900 Gaston Tarry ya tabbatar da cewa a gida shida ba zai yiwu ba. A 2022 wasu masana fiziks daga Indiya da Poland suka nuna cewa matsalar tana da mafita idan aka bi dokokin kwantam, inda abu ɗaya ke iya kasancewa cikin gaurayen yanayi fiye da ɗaya. Sakamakon yana da amfani ga binciken gyaran kurakurai a kwamfutar kwantam.

Matsayinsa

Ra'ayi ya rabu a kan al-Kashinawi. Tun kafin zamaninsa malamai irin su Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, sun soki ilimin haruffa da ɗalasimai suna ganin ya yi kusa da sihiri, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hani ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Saboda haka akwai masu ganin rubuce-rubucensa tsibbu ne kawai. A ɗaya gefen kuma, wasu shafukan intanet suna cewa shi ya ƙirƙiro hatimi, ko kuma ya kafa wasu rassan lissafin zamani tun kafin Turawa.

Abin da littattafansa da tarihin al-Jabarti suka nuna yana tsakanin waɗannan biyu. Malami ne na zamaninsa, wanda ya yarda da tasirin haruffa da taurari kamar yadda malamai da yawa na Makka da Alkahira suka yarda a lokacin. A cikin wannan ilimi kuma akwai lissafi na gaskiya, wanda kowane ɗalibi zai iya gwadawa da fensir da takarda ya ga ya fita daidai. Rayuwarsa shaida ce cewa a farkon ƙarni na 18 ana koyar da hisabi da falaki da manɗiƙi a zaurukan Katsina da Barno da Bagarmi, a matakin da ya isa ɗalibinsu ya zauna ya karantar a Alkahira.